Kyanwoyin Bappayo

Bappayo a Ngurore ya tashi, cikin shanun mahaifinsa, kuma bai bar kiwo ba sai da gwiwoyinsa suka gaza. Ya raba wa 'ya'yansa shanun da suka rage, ya kama ɗaki a wani gidan haya a unguwar Limawa cikin Jimeta, yana sayar da gawayi a ƙofar gida.

Amma wanda ya saba ciyar da dabba ba ya iya zama haka nan. Kullum bayan la'asar sai ya bi ta wajen mahauta ya karɓo tarkacen nama, ya cakuɗa da sauran tuwo, ya zuba a bayan gida. Da farko kyanwa ɗaya ce ke zuwa, wata ja ramammiya da ya sa wa suna Woɗeye, sunan jar saniyarsa ta da. Ta haihu, 'ya'yan ma suka haihu. Aka wayi gari sun addabi kowa, musamman maƙwabciyarsa Keturah, tsohuwar malamar firamare mai soya kifin sayarwa.

Ran nan mai gidan, Alhaji Lado, ya kira shi ya ce, "Bappa, ina ganin girmanka. Amma in suka sake ƙaruwa, guba zan sa musu."

Bappayo bai yi musu ba, don yana ganin ya san maganin abin. A garke, namiji ake fiɗiyewa a huta. Ya yi ta kama muzuran gidan da dabara yana kai wa wata likitar dabbobi, Dokta Aishat. Ta ce ya kawo matan ma, a cire musu mahaifa. Ya girgiza kai. A saninsa ba a taɓa mace, ita ce arzikin garke.

Damina na faɗuwa, Keturah ta zo ɗibar gawayi ta tarar da Woɗeye a bayan buhuna, da jarirai suna tsotso.

"Bappa, barka! An sake yi maka jikoki."

Ya leƙa. "To ta ina, Malama? Ai duk na kai mazan."

"Mazan gidan nan ka kai. Na Jimeta fa, a turke ka ɗaure su? Ta katanga suke diro mana, ko sallama babu." Ta yi dariya, sannan ta sassauta murya. "Saniya in ta haihu akwai nono, akwai mai saye. Waɗannan wa ke jiransu? Dubi uwar, duk haƙarƙari a waje."

Ya daɗe tsugune yana kallon kyanwar. Can ya miƙe, ya tafi da kansa ya gaya wa Alhaji Lado abin da ya faru, ya roƙi a ba shi lokaci har jariran su fara cin abinci. Keturah ta bi shi ta sa baki, ta ce ita za ta ɗauki ɗaya saboda ɓeraye, sauran ta nema musu gidaje a wajen matan cocinsu. Alhaji ya ce wannan ne na ƙarshe.

Bayan yaye, Bappayo ya sa Woɗeye a kwando ya hau keke napep zuwa wajen likita. A waje ya zauna, ya kasa ko kallon ƙofar, yana ta tambayar mai shara ko aikin da zafi. Da ta warke, ya bi sauran matan ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga nan ba a sake haihuwa a bayan gidan ba, Alhaji Lado kuma bai sake tayar da maganar guba ba. Har ma yakan aiko wa kyanwoyin da sauran shinkafa daga gidansa, ya ce kada dai a gaya wa kowa.