Hoton Huhu a Ƙofar Zaure

Muryar maigidana ce ta fara tafiya. Ya dawo daga cin rani, ya yi sallama a ƙofar gida, na ɗauka baƙo ne. Muka ce mura ce. Damina ta wuce, aka yanke hatsi, muryar ba ta dawo ba. Daga baya numfashinsa ya soma fito, siririn fito kamar iska na bi ta cikin kara, sai tari, wani lokaci da ɗan jini.

Gidanmu babban gida ne a wani ƙauye kusa da Tajaye. Su huɗu ne maza a wajen mahaifinsu, maigidana ne na uku. Tun suna yara tare suke cin abinci. Kowace mace ta tuƙa tuwonta a sashenta ta kai zaure, su huɗun su zauna a tabarma guda, su buɗe akushi ɗaya bayan ɗaya. A nan ake yanke gonar da za a fara nomewa da wanda zai kai awaki kasuwar Illela, a nan ake tsokanar juna. A gidanmu namijin da ba ya ci a zaure, ko ya yi tafiya ko ya rasu.

Babbansu, wanda duka muke ce wa Yaya, ya taɓa yin gadi a wani ɗakin shan magani. Aikinsa buɗe ƙofa, da share baranda, da korar tumaki daga gindin bedi. Daga wannan aiki ya dawo gida likita. Ba a shan ƙwayar ciwon kai a unguwarmu sai ya juya ta a tafin hannu ya gyaɗa kai.

Majo, wato babban malamin asibitin da ke kusa da mu, ya aika da majinar maigidana awo har sau uku, ba a ga ƙwayar tarin fuka ba. Ya tura mu Konni a ɗauki hoton ƙirji, wanda muke ce wa radiyo. Likitan can ya manna hoton a jikin fitila, ya nuna mana haƙarƙari, ya nuna babban farin da ke tsakiya ya ce zuciya ce, kowa haka tasa take fitowa. Sannan ya nuna wasu 'yan ɗige-ɗige, da wani gefe a ƙasa da ya ce huhun ya lotsa don iska ba ta isa wurin. Ya ce wannan hoto bai ishe shi ba, sai mun je Yamai an yi na babbar na'ura.

Da muka dawo, tun maigidana bai cire takalmi ba Yaya ya karɓe ambulan ɗin da aka sako hoton a ciki. Ya tsaya a ƙofar zaure ya ɗaga hoton ga rana, maƙwabta suka taru a bayansa. Ina daga cikin gida, bayan zana, ina leƙe, ina jin komai. Ya ɗora yatsa a kan babban farin nan na tsakiya.

"Kun gani? Wanga duk ciwo ne. Ya cinye rabin ƙirji. Na ga irinsa ya fi a ƙirga."

Mutane suka yi ta salati. Zuciyar ƙaninsa yake nuna musu. Da maigidana ya shigo na ce ya koma ya gaya musu abin da likita ya faɗa. Ya ce ba zai ƙaryata wansa a gaban jama'a ba.

Kafin magariba an yanke hukunci: tarin fuka ne. Aka ware masa kwano da moɗa da buta, matar Yaya ta ɗaura wa kowanne jan ƙyalle don kada a yi kuskure. Aka ce ya riƙa ci a ɗakinsa har Allah ya kawo sauƙi. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga murya. Da safe sukan tsaya nesa da ƙofa su tambayi jiki, su tafi.

Sai bayan Sallah muka samu zuwa Yamai. Suka kwantar da shi a wata na'ura mai kama da bakin rijiya, sikana suke ce mata. Likitar huhun mace ce, mai magana a hankali, kuma ta iya Hausa. Ta ce wannan na'ura tana ɗaukar ƙirji yanka-yanka, kamar a yanka rake a duba fuskar kowace gunduwa. Ta nuna mana maƙogwaron wani mai lafiya a littafinta: zobe siriri, da baƙin rami mai faɗi a tsakiya, nan ne hanyar iska. Ta nuna na maigidana. Zoben ya yi kauri ta kowane gefe, har ta baya inda ta ce ya kamata ya kasance da laushi, da wasu fararen tsakuwoyi a cikin kaurin, ramin kuwa ya tsuke. Ta bi shi hoto bayan hoto har inda maƙogwaro ya rabu biyu ya shiga huhu, kaurin na biye da shi. A cikin huhun akwai ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar wake, waɗansu da fari a cibiyarsu.

Na tambaye ta mene ne. Ta ce ba za ta sa masa suna daga hoto ba. Irin waɗannan ƙulle-ƙulle ciwon daji yana yin su, tsohon tarin fuka yana barin su, akwai kuma wasu cututtuka da ba a cika gani ba. Wannan mata ta yi shekaru tana karatun ƙirjin mutane, ga na'ura a gabanta, ta ce ba ta sani ba tukuna. Na tuna da yatsan Yaya.

Suka zura masa siririn bututu ta hanci suka gutsuro ɗan nama daga bangon maƙogwaro. Muka zauna gidan wata 'yar'uwata muna jira. Ranar da sakamako ya fito, likitar ta ce an shafa wa naman wani jan rini, aka haska shi da wani irin haske ya koma kore, da haka suke gane wannan cuta. Sunanta amiloz. Wani abu ne jiki ke yi ba daidai ba, ya riƙa ajiye shi a bangon hanyar iska, kamar mai yaɓe rumbu yana ƙara laka a kan laka har baki ya tsuke. Ba ƙwayar cuta ba ce. Ta ce ba su da maganin da zai wanke shi, sai dai na rage wahala.

Na zaci maigidana zai tambayi kwana nawa suka rage masa. Da guntuwar muryarsa ya ce, "Likita, in ci kwano guda da 'yan'uwana?"

Ta ce ya ci da duk wanda ya ga dama, ko jariri ba zai ɗauka ba. Ya roƙe ta ta rubuta. Ta rubuta da Faransanci, ta buga hatimi. Tun daga Yamai har muka sauka a Konni takardar na aljihun gabansa, hannunsa a kai.

Yaya ya sake tsayawa a ƙofar zaure. Wannan karon manyan hotuna ne, kowanne da ƙananan hotuna jere a cikinsa, yanka bayan yanka. Ya ɗaga ga rana ya yi ta ƙirgawa da leɓe. Ya ce da can wuri guda ne, yanzu ga shi ya watsu gida-gida, kowane gida da nasa ciwo. Aka miƙa masa takardar likita. Ya jera haruffan da ƙyar, ya ninke ta, ya ce shi ya san likitocin birni, haka suke rubuta wa mara lafiya don hankalinsa ya kwanta. Amiloz kuma, in ji shi, sunan tarin fuka ne idan ya tsufa.

Na biyunsu bai taɓa yin ra'ayin kansa ba tunda na san shi, ban sa rai da shi ba. Autansu ne ya ba ni mamaki. Ya yi lakwal, wato boko, har kwaleji, ya fi kowa a gidan jin Faransanci. Ya karanta takardar, ya same ni a bayan rumbu ya ce, ƙasa-ƙasa, gaskiya likita ta rubuta, cutar ba ta yaɗuwa. Na ce to ya faɗa a zaure. Ya dubi ƙasa ya ce, "Ai Yaya ne babba." Karatunsa ke nan. Daga ranar ban ƙara yi masa kallon mai ilimi ba.

A wajenmu mace ba ta cin abinci kwano ɗaya da mijinta, abin kunya ne. Na ajiye kunyar. Na kwance jan ƙyallen, na zauna a gabansa na sa hannu. Ranar farko ya ce in tashi kada a gani. Na ce a gani. Matan gida suka yi ta magana a bakin rijiya, aka hana 'ya'yansu shiga sashena. Yana ci, yana gode mini, amma kunnensa na zaure. In aka yi dariya can sai lomar ta tsaya a hannunsa. Na san ni ba zan iya zama masa maza uku ba.

Haka muka ci wata damina. Ya rame, yana barci a zaune, fiton ƙirjinsa har tsakar gida ana ji.

Wata rana majo ya zo ƙauyen rigakafin yara, ya biyo ya duba shi. Ya karanta takardar Yamai, ya ɗaga hotunan ya duba. Ya lura da yadda 'yan'uwan suka tsaya daga bakin ƙofa. Bai yi musu wa'azi ba. Ya tambaye ni ko akwai hura, na kawo wadda maigidana ya sha ya rage, ya ɗauki ludayin maigidana ya sha, ya ƙara, ya goge baki.

Bayan ya tafi Yaya ya tara mutane ya ce shi dama ya daɗe yana lura, ciwon ya wuce lokacin yaɗuwa, yanzu ba laifi. Ya aiko a ce wa ƙaninsa ya fito cin abinci.

Maigidana ya sa na ɗauko masa rigarsa ta Juma'a. Daga ɗakinmu zuwa zaure bai kai taku talatin ba, sau biyu ya tsaya ya dafa bango. Na kai akushina na tuwon hatsi da miyar kuka, na koma bayan zana na tsaya. Ya zauna a tsohon wurinsa. Autan ya ce masa ya yi ƙiba, aka yi 'yar dariya. Aka yi bismilla.

Yaya ya sa hannu a aljihu ya fito da cokali. Mutumin da ya shekara sittin yana cin tuwo da hannu. Sauran biyun ba su zo da cokali ba, sai kowanne ya riƙa gutsura daga can bakin akushi, ta gefensa, a hankali. Miyar da ta gangaro daga wajen maigidana ba wanda ya taɓa. Da suka ƙoshi, tuwo ya rage a tsakiya kamar ɗan bango tsakaninsa da su.

Loma uku ya yi, numfashi bai bar shi ya ƙara ba. Na san ya ga cokalin, domin a gabansa yake. Da ya dawo ɗaki ya zauna ya daɗe yana haki, sannan ya ce, "Yau na ci a zaure." Na ce na gani. 

Ya sake fita sau uku, kullum da rigar Juma'a, kullum Yaya da cokalinsa. A rana ta biyar ƙafarsa ba ta kai shi ba. Na aika a gaya musu, ko za su shigo su ci a wajensa. Suka ce a gaishe shi da jiki. Ya rasu ranar Laraba, da hantsi.