Ranar da Odiel Ya Sa Sukari Sau Biyu

Odiel mijin yayata ne, marigayiya Zulma. Shekara arba'in yana gyaran kekuna a ƙauyenmu, yana kuma dafa giyarsa a bayan gida. Gyaran keken dai ba yabo ba fallasa. Giyar kuwa, ko ni da ban iya yabon mutum ba sai in yi shiru.

Tun farko kowa da aikinsa. Shi ke dafawa ya bar ta ta nuna a ganga. Ranar ɗurawa sai Zulma ta zauna da kwalin sukari a cinya, tana jefa ƙwaya ɗaya a kowace kwalba kafin ya buga murfi. Wannan 'yar ƙwayar ita yis ke ci a cikin kwalba har kumfa ta samu. In sukari ya yi kaɗan, giya ta fito lami kamar ruwan wanke-wanke. In ya yi yawa, kwalba ta tarwatse.

Da Zulma ta rasu sai ya sauya hanya. Ya koma tafasa jan sukari a tukunya, ya juye a ganga gaba ɗaya, ya motsa, sannan ya ɗura. Na ce masa jan sukari zai mai da giya alewar yara. Ya ce macen da ko kofi ba ta iya ba, ta kama bakinta.

A shekarar ne mantuwa ta fara kama shi. Ya bar gas a kunne ya tafi coci, ba sau ɗaya ba. 'Yarsa Griet ta zo daga birni ta tsaya a tsakiyar falo ta ce, "Baba, in aka ƙara ko da sau ɗaya, ka bar gidan nan. Na riga na yi magana da gidan tsofaffi." Griet kuwa ba ta magana biyu.

Wata Asabar, ana gobe za a yi wa jaririn Griet baftisma, ina shanya da hantsi sai na ji tus! daga gidansa. Na same shi tsaye a bakin matakalar ɗakin ƙasa inda yake ajiye kwalaben, warin giya ya cika ko'ina.

Na ce, "Tsoho, yaƙi aka soma ba a gaya mini ba?"

"Kwalba ɗaya ce mai tsagu, Gusta. Koma ki ji da tsummokaranki."

Bai rufe baki ba wata ta sake fashewa, muna jin ɓaraguzai suna dukan bango. Na janye shi, na rufe ƙofar. A kan kantar kicin na ga kwalin sukari mai ƙwaya, saura 'yan kaɗan a gindi.

"Wane sukari ka sa wa wannan giyar?"

"Ja mana. Na tafasa na juye."

"To wa ya cinye wannan kwalin? Kai da ba ka sa sukari a kofi?"

Ya daɗe yana kallon kwalin. Sannan ya laluɓi kujera ya zauna. Ya ce, "Na tuna na zauna a kujerar Zulma da kwalin a cinya. Gani na yi kamar ba a sa ba tukuna."

"Kwalba nawa?"

"Arba'in da takwas."

"Duka suna ƙasa?"

Ya girgiza kai. Rabi Griet ta zo ta ɗauka ranar Alhamis don biki. Na san kicin ɗinta sarai. Ba inda kiret ɗin giyar zai shiga sai ƙarƙashin tebur, jikin hitar ɗumama ɗaki, kuma a kan teburin nan take ajiye kwandon jariri in tana girki. Zafi kuwa shi ke ƙara hura kwalba.

Ya miƙe yana neman hularsa. "Zan hau bas in je in ce mata giyar ta yi tsami, in dawo da ita."

"Bas sai ƙarfe ɗaya. Kuma a cinya za ka rungumo su, ana jijjiga ka a hanya? Da wane ido za ka dawo?"

"To ki buga mata. Ki ce ke kika jefa sukarin, da karambaninki. Kowa zai yarda."

"Kowa zai yarda kam. Ƙarya ba ta taɓa ba ni wuya ba. Amma wata rana in gidan nan ya kama da wuta kana ciki, wa zan ce ya kunna?"

"Gusta, nan aka haife ni."

"Na sani."

Wata ta fashe a ƙasa. Na ɗauki waya na danna lambar Griet, ban san me zai fito daga bakina ba. Wayar na cikin ƙara ya miƙo hannu ya karɓa.

"Griet, ni ne. Ɗauki yaron ki fita daga kicin. Yanzu, kada ki tambaye ni." Muka ji takunta da ƙarar ƙofa. "Kun fita? To kada kowa ya taɓa kiret ɗin sai mijinki ya lulluɓe shi da bargo. Sukari na sa sau biyu. A'a, ba Inna Gusta ba ce. Ni ne. Na manta na sa."

Mijinta ya fitar da kiret ɗin lambu da safar hannun walda. Kafin yamma huɗu sun fashe a can cikin bargo. Giyar kanti aka sha a bikin.

Griet ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ƙarshen wata ta zo da mota da kwalaye shida na kwasar kayansa. Shi da kansa ya kulle ƙofar gidan ya miƙa mata makulli, ya ce mini in riƙa ba kajinsa ruwa.