Huhun Kumandan

Duk wanda ya taɓa sayen kaya mai nauyi a kasuwar Dogo-Dogo ya san Kyari mai amalanke. Ko bai san sunansa ba ya san muryarsa, don tun daga bakin gari ake jin shi yana rarrashin bijiminsa kamar wanda ya je biko. Babarbare ne, in ji shi. Barbarcin dai gaisuwa kaɗai ta rage masa, ita ma in aka amsa masa da tsawo sai tari ya kama shi.

Gonar da ya gada yashi ce zalla, geronta bai taɓa kai su bazara ba. Ya yi shekaru yana ci-rani, yana dako har tsakiyar kansa ta sanƙe, kafin ya samu ya sayi ɗan maraƙi fari. Maraƙin nan ne ya girma ya yi tozo, ya zama abin da ke riƙe da gidan: shi ke kai dammunan gero, shi ke kwasar tubali da taki, shi ke kai mai naƙuda likita in hanya ta fi ƙarfin moto. Kyari ya sa masa suna Kumandan, don bai taɓa ɗaga ƙafa saboda an ce ya ɗaga ba, sai ya ga dama.

Matarsa Daso takan ce, "Ni in na yi atishawa sai ka ce in sha ruwa. Kumandan ya yi, sai an tashi unguwa."

Shi kuma ya ce, "To ke kina jan amalanke?"

Kowace shekara bayan kaka likitocin dabbobi kan zo, mai shela ya zaga gari, a kora shanu shingen ƙarfen da ke bayan kasuwa a yi musu allurar ciwon huhu. Wata shekara Kyari ya kai Kumandan aka yi masa. Wurin ya kumbura, kuma daidai inda itacen amalanke ke zama. Bijimi ya ƙi yarda a ɗora masa komai har kwasar gero ta kusa ƙarewa, Kyari yana zaune yana kallon masu jakuna suna cin kasuwarsa. Tun ran nan ya ƙulla a ransa ba a ƙara ba.

Da aka sake shela, sai ya fitar da gadon Daso tsakar gida ya tura Kumandan cikin ɗakinta, ya saki asabari. Ousmane, malamin dabbobi na yankin, wanda ya san kowane bijimi kamar yadda liman ya san masu makara, ya biyo har ƙofar gida.

"Baba Kyari, ban ga Kumandan a shinge ba."

"Ya tafi Mallawa aiki, ɗana."

"Shi kaɗai? Ga amalanken nan a jingine."

"Ai ya san hanya."

Bai rufe baki ba aka ji wani gurnani daga ɗaki, da ƙarar kwanukan jere suna zubowa. Kyari ko gezau, ya ce Daso ce, mura take yi. Ousmane ya yi dariya, ya yi magiya, ya ce abin nan kyauta ne, kumburi kuwa yakan sace. Kyari ya ce a bari sai baɗi, in aiki ya yi sauƙi. Unguwa ta yi wata guda tana tambayar Daso ya jiki.

Sanyi bai gama fita ba tari ya fara. Wasu sun ce a kwamin rijiyar kasuwa ya ɗauko, inda yake sa baki tare da shanun fatake. Da fari tari ne ɗan busasshe in ya hau tudu. Daga baya ya daina tuƙa, ya tsaya ya ware ƙafafun gaba, ya miƙe wuya, yana nishi kamar ana danna masa gwiwa a ƙirji. Ko kwanciya ya kasa.

Kyari ya ruga wurin Ousmane, hula a hannu.

"Ɗana, na tuba. Zo ka yi masa yanzu. Ko biyu ka yi masa, har da wadda na hana."

Ousmane ya zo, ya kara kunne a haƙarƙarin bijimin, ya daɗe bai ɗago ba.

"Baba, abin da muke yi a shinge, baksan sunansa da faransanci. Ba magani ba ne. Nuna wa jiki fuskar ɓarawo ake yi tun bai zo ba, don ran da ya zo a gane shi. Wannan kuwa ɓarawon yana cikin ɗaki, ya riga ya ɗaure kaya."

"To a canza masa suna mana, a yi masa."

"Ko me ka kira shi, mai lafiya ake yi wa."

Ya ce a ware shi daga sauran dabbobi, in kuma an yanka a haƙa rami a binne huhun, kada a ba kowa. Kyari bai ji wannan da kunnen kirki ba, kalmar yanka kaɗai ta shiga.

Ya ce faransanci ne ya yi tsauri, bari ya gwada wani bakin. Ya hau kabu-kabu ya tsallaka iyaka, ya samu wani mai sayar da magungunan dabbobi a rumfa. Mutumin ya ce su can baksin suke cewa da turancin Ingila, rigakafi ke nan, kuma ko yana da shi ba zai ba shi ba, don ba a shinge bayan awaki sun gama da gona. Ya dai haɗa shi da wasu kwalabe. Aka ɗirka wa Kumandan, ya ɗan lasa dusa ran nan, Kyari ya fara yi wa mutane murmushi, kashegari nishi ya dawo ya fi na da.

Ya je wurin liman neman tofi. Liman ya yi masa, sannan ya ce Larabawa talƙihi suke kiran abin, kalmar da suke faɗa in an hau dabino an sa wa macen garin furen namiji. "Shi ma lokaci gare shi, Kyari. In fure ya wuce, ko ka kwana bisa dabinon ba ka samun ɗa."

Ko a gida bai tsira ba. Daso ta janye hannun riga ta nuna masa tabon da ke damtsenta. "Mu lamba muka san ana cewa. Ina goye aka yi mini, lafiyata ƙalau, uwata tana kuka ina kuka. Ka taɓa ganin an yi wa na kwance?" Ba da faɗa ta faɗa ba. Ita ce ma ke dama ruwan kanwa tana kai wa bijimin da ya fasa mata kwanuka.

Kyari ya rasa inda zai sa kansa. Baki huɗu, magana ɗaya.

Ana cikin haka Ja'e ya yi sallama. Tsohon Bafillace ne da ke zaune a rugar gabas da gari, abokin wasan Kyari tun suna samari, ba su taɓa haɗuwa ba sai an yi musu a kan wane ne bawan wane. Garkensa yana kudu lokacin da aka yi allura, bai dawo ba sai da likitoci suka tashi. Ya tsaya ya dubi Kumandan, ya dubi ƙasa.

"Bawana, an ce ka aurar da shi a ɗakin Daso."

"Ja'e, yau ba ni da bakin wasa."

"Na sani." Ya tsuguna ya jingina sanda a kafaɗa. "Wannan ba zai kai Juma'a ba. Yanka shi tun yana halal. In ka yanka, huhun nake so."

Kyari ya san abin da yake nufi. Tun kakanni Fulani kan yanki ɗan huhun saniyar da ciwon ya kama, su tsaga fatar karan hancin masu lafiya su cusa. Wurin ya kumbura, ya warke ya bar ƙulu kamar ɗan ƙaho, su ce wannan ta sha. Wata kuma kumburin ya tafi da ita. Abin da Ousmane ya hana ke nan.

"Ku me kuke ce masa da fillanci?" in ji Kyari, don dai ya ja lokaci.

Ja'e ya faɗi wata kalma, ya ce huji take nufi.

"Shi ma sai mai lafiya?"

"Sai mai lafiya."

Kyari ya tashi ya shafa tozon, wanda ya saki ya kwanta gefe guda kamar tsohuwar hula. Ya yi wa bijimin magana ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi masa a hawan tudu. Kumandan bai ko motsa kunne ba. In ya jira, mushe ne, ko ƙashi ba a mora. In bai jira ba, da hannunsa ya aika a kira mahauci. Ya tsaya tsakanin biyun har inuwar dabino ta juya, sannan Daso ta yafa gyale ta tafi kiran mahaucin da kanta.

Da aka buɗe ƙirjin, huhun ya manne da haƙarƙari, ya yi tauri, ruwa rawaya kwance a ƙasansa. Kyari ya tuna ramin da aka ce ya haƙa. Ya dubi Ja'e da ƴar ƙwaryarsa, mutumin da ke da garke guda a bakin wuta. Bai ce ɗauka ba, bai ce bari ba. Ya juya baya yana gyara wata igiya da ba ta kwance ba, da ya waiwayo babu Ja'e babu ƙwarya.

Yanzu Kyari ya koma dako a kasuwar Dogo-Dogo, da kan nan nasa da ba gashi. Amalanken yana ƙofar gida, hannuwansa a ƙasa, kaji na kwana a ƙarƙashi. Wani lokaci garken Ja'e kan ratsa bakin kasuwa, karsana biyu sun tafi da kumburin, sauran kowace da ƙulunta a hanci. Ja'e kan ɗaga sanda ya ce, "Bawana, ga Kumandan yana gaishe ka." Kyari kan buɗe baki zai rama, sai ya gyara buhun da ke kansa ya wuce.

Da kaka ta zagayo mai shela ya biyo ta ƙofar gidan yana cewa a fito da shanu. Daso tana tankaɗe, ta ɗago ta dubi mijinta. Gadonta yana ɗaki, ba wanda ya taɓa shi.