Layin Baba a Gonar Hatsi

Babana ya tafi cin rani Kurmi, can ƙasashen kudu, ina goye, bai dawo ba. Ba saƙo, ba gawa. Ban san fuskarsa ba. Abin da na sani nasa shi ne layi guda a gonarmu ta bayan Kore Mairuwa.

A gidanmu in ruwan shuka ya sauka, kowa da layinsa. Kaka, uwar babana, ita ke zuba irin wanda ba ya gida, tana kiran sunansa a kowane rami kafin ta rufe da diddige. In layin ya tsiro, mai shi yana da rai. Kuma ta faɗa a gaban kowa: shekarar da layin Baba ya ƙi fita, Inna za ta yi takaba ta koma gidansu a Gesheme. Ni kuwa ɗiyar gidan nan ce, nan za a bar ni. Shi ya sa yara na tsalle da ruwan farko, ni ina zaune ina ƙirga kwanakin tsiro.

Ban taɓa son layin nan ba. Ganyensa ya fi na sauran duhu, kuma in ka ratsa shi da tsakar rana sai ka ji kamar wani na tsaye bayanka yana jira ka wuce.

Shekarar da na shiga ajin ƙarshe a lakwal, makarantar bokon garinmu, layin ya ƙi. Dama kore, hagu kore, tsakiya rairayi fari fat tun daga bakin hanya har gindin gawo, kamar tsagar kitso. Kaka na kwance da ciwon ƙafa, ta ce ran Juma'a a kai ta a amalanke ta gani da idonta.

Na tare Baffa, ƙanen Baba, mai shago a Dogon Dutsi, da ya zo gaida Kaka. Shi fa duk damina sai ya yi mana wa'azi kan layin nan: "Shirka ce! Hatsi ke riƙe da ran mutum ko Allah?" Na ce masa za a raba ni da Inna. Ya ce, "Ke, tashi ki ba ni wuri." Wallahi ranar na tsane shi.

Ran Juma'a da hantsi muka isa gona, ni da Kaka da Inna da Baffa. Layin kore shar.

Kaka ta sauka, ta bi shi da rarrafe. Na bakin hanya dashe ne, an ciro daga wasu ramuka an dasa, ganyen duk ya langaɓe, ga sawun takalmin ƴan birni a gefe. Baffa ya ɗaga kai yana neman hadari a sama, alhali ko ɗigon gajimare babu. Na wajen gawo shi ma dashe ne, da ƙananan sawun mace. Inna ta cusa hannayenta cikin zane.

Amma na tsakiya ba dashe ba ne. Kaka ta ja ɗaya, ya riƙe ƙasa gam. Ya fi duk hatsin gonar tsayi, rairayin gefensa sumul, ba sawun kowa. Ni da ƙafata na tsaya a wurin shekaranjiya, babu komai. Iska ba ta kaɗawa, amma ganyen yana motsi a hankali. Na ji Baffa yana a'uziyya ƙasa-ƙasa.

Kaka ta daɗe durƙushe, sannan ta ce, "Yana nan. Mu tahi gida."

Da la'asar na je bayan rumbu neman kaza, na iske Kaka zaune a ƙasa, baki buɗe, tana kukan mutuwa ba sauti. Na juya zan gudu ta cafke hannuna.

"Kaka, ba kin ce yana nan ba?"

"Yana nan mana. Mai rai da ke Kurmi ba shi iya zuwa shi gyara layinai, ɗiyata. Sai wanda ya riga ya iso gida." Ta share fuska da gefen kallabi. "Kada uwarki ta ji."

Ba a yi takaba ba. Inna ta zauna, ga ta da ƙuruciyarta, masu so suna aiko magana ana mayar da su cewa matar aure ce. Na riƙe maganar Kaka har na yi aure, har ita Kakar ta rasu, abin yana cina. Wata rana muna sussuka, furfura ta gama kan Inna, na kasa haƙuri na faɗa mata duka. Na ce mun bar ta tana jiran matacce.

Ba ta ko ajiye taɓarya ba. Ta dube ni ta ce, "Ke dai sakarya ce. Da can kina tsammani shi nike jira?"