Akuyar Habbanaye da Doki Mai Lamba Bakwai

Ƙanen mijina ya taɓa lakkwal, wato makarantar boko, har kolej, shi ya sa yake ganin kansa ya fi na kowa a gidanmu. Aikinsa kullum zama gaban kiyos ɗin cacar dawaki kusa da tashar motocin Yamai a Filinge, yana kallon allon da ake rubuta lambobin da suka ci. Dawakin ma a ƙasar Turawa suke gudu, ko jelar ɗaya bai taɓa gani ba. Amma in ya dawo sai ya share ƙasa a tsakar gida, ya zana lambobin jiya da na makon jiya da tsinke, ya ce wai bin juna suke kamar tumaki. In huɗu ta fito, tara na bayanta. Wadda ta daɗe ba ta fito ba kuwa, wai ita ce ta nuna, fitowarta ta kusa.

Ni dariya nake masa. Ƙanen miji abokin wasa ne, yana ce mini "matata", ina ce masa malamin dawaki. Kekensa ya tafi a haka, wayarsa ta bi baya, ban damu ba tunda ba nawa ba ne.

A lokacin akwai jar akuya a turkena, amma ba tawa ba ce. Ƙawata, wata Bafillata mai kawo nono daga rugarsu ta wajen Tabla, ita ta ba ni habbanaye: in riƙe ta har ta haihu, ƴaƴan su zama nawa, uwar in mayar mata. Ba kowa ake yi wa haka ba. Daga awakin mahaifiyarta akuyar ta fito, kuma ga ta da ciki.

Wata ranar kasuwa na tafi gona tsinkar wake. Na dawo na tarar da igiya kaɗai a turke, ƙanen mijina kuma yana zaune yana zanensa.

"Matata, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Bakwai ta daɗe ba ta hito ba, yau dole ta hito. Gobe awaki ukku za ni ɗamre miki nan."

"Ba tawa ba ta, amana ta!" na ce. "Mi za ni ce ma mai ita?"

Bakwai ba ta fito ba. Dillalin da ya sayar wa akuyar kuwa tuni ya loda ta a motar Yamai. Mijina ya ce in yi haƙuri, ɗan'uwa ne. Surukata ta ce ai wasan ƙanen miji ne ya ɗan yi nisa. Shi ko kunya bai ji ba, cewa ya yi a lissafi ya tsallake layi ɗaya.

Ranar da na gaya wa ƙawata, ba ta zage ni ba. Ta dube ni, ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta fita. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar na tsane shi, tsana mai sanyi. Na ci gaba da zuba masa tuwo, ina amsa "matata", ina jira.

Da kaka ya sayar da rabonsa na hatsi ya kai kuɗin gaisuwa gidan wani ɗan kasuwa, yana neman ɗiyarsu. Gwaggon yarinyar ta zo bincike, ta fake da aron turmi. A al'ada ƴan gida rufa asiri suke yi, a ce yaro ne mai ladabi. Na shimfiɗa mata tabarma, na ba ta ruwa, na zauna daf da ita.

"Iya, ni ban san gaibu ba," na ce. "Amma kekenai ya tahi, wayatai ta tahi, akuyar amana ta tahi da cikinta. Gadon ɗiyarku da kwanoninta, ki ƙirga su da kyau kahin su shigo gidan ga."

Ko turmin ba ta ɗauka ba. Kafin kasuwa ta zagayo an dawo masa da kuɗinsa. Na ji shi yana kuka a bayan rumbu, wallahi ko ɗigon tausayi ban ji ba, har ƙarin miya na yi ranar. Surukata ta daina amsa gaisuwata. Mijina dai, don kunya, ya ƙwace kuɗin ya sayo jar akuya.

Da ƙafa na ja ta har ruga. Ƙawata ta duba haƙoranta, ta shafa bayanta, ta yi godiya, ta dama mini fura. Sannan ta kai ta can gefe ta ɗaure, nesa da awakin mahaifiyarta.

Har yau tana wucewa ta ƙofarmu da nononta. Daga waje take gaishe ni.