Gawawwakin talabijin a bakin rijiyata

A shekarun da kuɗin mai ya haukata ƙasa, wani falke ya sauka gidana a Runjin Sambo da mota cike da talabijin na gwanjo, wai daga Turai. Ni ne mai masaukinsa, kuma a al'adarmu mai masauki ke tsaya wa kayan baƙo. Da yake na ɗan taɓa elemantare, na duba rubutun bayan akwatunan, na gyaɗa kai kamar likita, na ce lafiyarsu lau.

Lantarki bai iso layinmu ba lokacin. Kowa ya saya, ya ɗora bisa tebur, ya lulluɓe da ƙyalle mai aiki. Baƙi kan zo su zauna gaban gilashin, su ga fuskarsu, su yaba shirin.

Ranar da aka jawo wuta, ko ɗaya bai yi tari ba. Ashe tun can suka cika, Bature ya rasa maƙabarta ya aiko mana. Falken kuwa ya daɗe da ɓacewa.

Mai unguwa ya yanke hukunci a zaurena: "Malam, baƙonka ya bar mamatai. Kai ad da jana'iza."

Aka yi ta kawo su a kafaɗa, wasu har da yi mini gaisuwa. Na jibge su a bayan gidana, gefen rijiyata, wadda duk layin ke sha, mai zaƙin da ko famfon gwamnati yake jin kunyarta.

Sai ga duba-gari da soja a bayansa.

"Baba, wa ad da sharar ga?"

"Ranka ya daɗe, mai ita shina Turai."

"Ka kira shi."

"Ban san gidansu ba."

Duba-garin ya ce a ƙone su, sojan ya ce kafin azahar kada ya ga ko waya. Na zuba kananzir na kunna. Hayaƙi ya tashi kore da shuɗi, maƙwabta suka fito da tabarmi. Karon farko ke nan da talabijin ɗin suka nuna wani abu, kuma mai kala.

Da damina ta sauka, ruwa ya wanke tokar ya kai ta rijiya. Matata ta ɗanɗana ta tofar, ta ce kamar ta lashi batir. Muka yashe, muka sake yashewa, ɗacin bai tafi ba. Duba-garin da ya sa aka ƙona shi ne ya dawo ya sa aka rufe ta da siminti, ya kuma gargaɗe ni a kan ƙazanta.

Tun daga nan layinmu ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa.