Garuruwan da Kaka Ya Zana a Yashi

Ran nan ina tace tsamiya zan dama kunu, sai ƙwallayen suka zube cikin kwano, suka yi 'yar ƙararsu ƙwar-ƙwar. Na tsaya da rariya a hannu har ruwan zafin ya huce. In kai ne, mai karatu, shara ka gani, sai ka watsa a bola. Mu a gidanmu na Garwa ƙwallon tsamiya mutum ne. Cikin tafi guda jama'ar gari ce sukutum, da jariransu da tsofaffinsu, kuma na sha yin kuka a kansu.

Kakanmu na wajen uba shi ya mayar da su mutane. Mahaifinsa ya zo daga ƙasar Kano da jakuna, ya zauna kusa da tashar jiragen ruwa, shi kuma Kaka ya gaji sana'ar saukar baƙi. A zamanin da jirage ke hawowa Binuwai da damina, su sauke gishiri da atamfa su ɗauki auduga da gyaɗa, an ce zaurenmu ba ya rabuwa da fatake. Ya ba su makwanci da tuwo, ya nemo musu mai saye, ya tsaya musu in rigima ta tashi. Ni ban ga wannan ba. Abin da na tarar shi ne dogon zaure mai sanyi, da tsoho guda a kan buzu, ƙafafunsa sun daina kai shi ko masallacin ƙofar gida. Jirage sun daina zuwa, abokansa sun yi ta raguwa, 'ya'yansa suna kasuwa tun safe har magariba. Mu jikoki kaɗai muka rage masa, ya kuma san da haka sarai.

To, yaro ba ya zama wurin tsoho haka kawai. Sai Kaka ya ƙirƙiro mana wasa. Ya sa aka zubo masa yashin kogi a gefen zauren, ya baje shi da tafin hannu, ya ja layi mai lanƙwasa da sandarsa ya ce kogi ne. Murfin kwalba gari ne, ƙwallon tsamiya jama'a, ƙwallon dabino shanu, kwalin ashana kuma rumbu. Kowannenmu sarki ne a garinsa, har ni da nake mace, domin Kaka ya ce uwargidansa ba za ta zauna ƙarƙashin kowa ba. Haka yake kirana, uwargida, ni kuma in ce ba na son miji marar haƙori.

Bayan la'asar, in mun dawo daga lekol, wato makarantar boko, mun ci abinci, sai mu kewaye yashin. Shi ba shi da gari. Shi ne ruwan sama, shi ne fara, shi ne kura, shi ne kuma duk wani talaka da zai zo fada da ƙara. Yakan jefa tsagaggen karan dawa, ya duba yadda gutsattsarin suka faɗi, ya gyara murya ya ce, "Bana ruwa ya yi gardama a gabas. Sarkin gabas, mata sun taru a ƙofarka da ƙoren banza. Me ka ce?" Kai kuma dole ka amsa da bakin sarki, ko ka buɗe rumbu, ko ka aika neman hatsi wurin maƙwabci, ko ka ɗaura yaƙi. Babanmu ya taɓa tsayawa a kanmu, ya dubi karan ya ce, "Baba, wannan ba caca ba ce kuwa?" Kaka bai ko ɗago ba ya ce, "In caca ce, zo ka cinye ƙwallon tsamiyar ka kai kasuwa."

Amma wasan yana da ciwo, kuma ciwon sunansa Yaya, babban wanmu. Dokar yaƙi a lokacin mai sauƙi ce: wanda ya fi jama'a shi ke ci. Da Yaya ya ci gari guda, jama'arsa sun ninka, na gaba ba ya ko numfashi. Kafin inuwar darbejiyar ƙofar gida ta kai bango, ya haɗiye mu duka, yana zaune yana shafa haɓar da ba gemu. Wanda aka ci garinsa kuwa ba shi da sauran abin yi, sai ya karkaɗe riga ya tashi.

Da farko tashin nan bai dami kowa ba, domin in ka tashi ina za ka? Ka zaga tsakar gida, Inna ta aike ka, ka dawo ka tsuguna kana kallo. Sai wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ke bayan gidanmu ya sayo tele, akwatin talabijin ke nan, da bidiyo, ya kuma zama mai kirki, yana barin tagarsa a buɗe. Shi ke nan. Wanda aka ci garinsa yanzu yana da wurin zuwa. Mu da muka rage muna jiyo shewar yara ta bayan katanga, sai ka ga sarki guda ya jefa jama'arsa yaƙin da ya san ba zai ci ba, don dai a sallame shi. Na ga Kaka yana bin bayan kowane mai fita da ido har ya ɓace, sannan ya dawo kan karansa.

Daga nan ya shiga gyaran dokoki, kuma ban taɓa ganin mutum ya ɗauki abin wasa da gaske haka ba. Ya fara da rumbu. Ya ce duk garin da ka ci, cikinsa ya zama naka, kowace shekara sai ka ciyar da shi. Ranar farko yunwa ta kashe wa Yaya rabin daula, muka yi ta tsalle. Washegari ya koyi tara hatsi kafin yaƙi, ya cinye mu kamar kullum. Sai Kaka ya kawo dokar nisa: garin da ya yi nisa da fadarka, umarninka ba ya isa sai bayan shekara, hakimin can kuma yana iya juya maka baya. Wannan ta ja wasan har kusan magariba, amma ƙarshenta ɗaya.

Akwai maƙwabcinmu Kirista, mutumin kan duwatsun arewa, yana aiki a masaƙa. Wata Lahadi da ya dawo daga coci ya leƙo gaisuwa, Kaka ya riƙe shi ya ce, "Don Allah gaya mini, kakanninku da me suka tsira a can sama?" Mutumin ya yi dariya, ya tsuguna, ya tara yashi ya yi tudu, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Baaba, doki ba ya hawa. Amma gero kaɗan ne, ruwa ma kaɗan." Haka dutse ya shigo wasanmu. Wanda ya hau shi ba a cin sa, amma ba ya girma. Autanmu ya ƙwallafa rai a kan tudun nan, kullum yana can, ba ya ci ba a cin sa, har barci ya ɗauke shi a zaune.

Ranar da abin ya fashe, cikin bazara ne, irin zafin Garwa da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa. Tun la'asar nake tattalin wani gari a bakin kogi, na yi masa kasuwa, na sa wa shanuna suna. Yaya ya rantse mini amana, sai da na aika jama'ata noma ya afko. Na miƙe na sa ƙafa na shafe kogin da garuruwan duka, kuma har yau ban ga laifina ba. Na fita, sauran suka biyo ni zuwa tagar mutumin duwan, har shi maci amanar.

Da Inna ta kira ni in kai wa Kaka kununsa, na same shi ya ja jiki daga buzun zuwa bakin yashin. Yana tsince ƙwallayen ɗaya-ɗaya, yana mayar da garina inda yake, yana magana shi kaɗai, ya yi muryar sarki ya amsa da ta talaka. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan ajiye kwanon. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Uwargida, da aka ci garinki, me kika so ki yi?"

Na ce, "In rama."

"Da me?"

Can na ce, "To ai ba a bar ni na zauna ba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓi kunun.

Kwanaki suka wuce bai kira mu ba. Ranar da ya kira, mun tarar ya sake zana ƙasar, ta fi ta da faɗi. Ya ce daga yau ba mai tashi. Wanda aka ci garinsa zai ɗebi jama'a cikin tafinsa ya zama baƙo, ya je garin da ya ga dama ya yi sallama. Sarkin da ya sauke shi, kasuwa ta buɗe a garinsa, rumbunsa ya riƙa ƙaruwa duk shekara. Wanda ya kore shi ba shi ba kasuwa. Mai masauki dole ya tsare baƙonsa, baƙo kuma ba ya ɗaga wa mai masaukinsa hannu. In baƙo ya daɗe, sai a yanka masa fili a bayan gari ya kafa unguwa, unguwar nan kuma tana iya zama gari wata rana. Ya ce, "Mu da kuke gani, haka muka zo Garwa. Ba wanda muka yaƙa."

Kai, ranar na sha daɗi. Yaya ya ci garina kamar yadda ya saba, na kwashi mutanena na haye tudun Auta na yi sallama. Tudun da ba ya girma ya wayi gari da kasuwa. Duk wanda Yaya ya ci, sai ya zama arzikin abokin gabansa, shi kuma ga garuruwa birjik ga bakuna, ba kasuwa ko ɗaya. Da idona na ga babban wanmu ya sassauta murya yana cewa, "Haba ƙanwata, ki dawo wurina, zan ba ki bakin kogi." Na ce sai na yi shawara da mijina. Kaka ya yi dariya har da tari.

Daga ranar ba a sake share yashin ba. Da magariba a kifa masa daro saboda kaji, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Tele ba ta daina jan mu ba, amma tsohon ya yi mata dabara ita ma. Wanda bai zo ba, sai ya ce ya tafi fatauci, ba a taɓa garinsa. In ya dawo sai a tambaye shi, "Falke, me ka gano?" Yaro ya kwashe labarin fim ɗin jiya ya zuba, wai ya je wata ƙasa inda mutane ke tashi sama suna faɗa. Kaka ya jinjina kai ya ce lallai hanyar gabas ta lalace, ya kuwa sa farashin gishiri ya hau. Haka muka yi damina, muna jin ruwa a kan kwano da ƙamshin dafaffiyar gyaɗa daga cikin gida, muka shiga girbi, muka sake zagayowa.

Abin da tele ta kasa yi, kiriz ya yi shi. Haka ake kiran matsin da ya sauko wa ƙasar a shekarun nan, albashi ya ƙi fitowa, kasuwa ta mutu a tsaye. Ƙanen babanmu ya kwashi iyalinsa zuwa Marwa, wani ya koma Yola, aka tura Yaya Duwala wurin wani ɗan'uwa. Murafen kwalbarsu suna nan a yashi, Kaka bai yarda a ɗauke ko ɗaya ba. In kara ya zagayo kan garin wanda ba ya nan, sai ya ce, "Yana fatauci," ya wuce. Kaka ya rasu da wata damina, aka kwashe yashin don a shimfiɗa tabarmin masu ta'aziyya.

Yanzu ina zaune a Ngawundere, 'ya'yana suna gina dauloli a cikin waya, kowa shi kaɗai, kansa a sunkuye. Bayan na gama kunun nan na ran nan, sai na wanke ƙwallayen, na zuba yashi a baranda, na kira ɗana na tsakiya. Na ba shi dokar rumbu, da ta nisa, da ta dutse, da ta baƙo, duk suna nan a kaina. Ya saurara, ya ce, "To Mama, yaya ake cin wasan?"

Na ɗauki waya in tambaya. Na kira Yaya a Duwala, wanda yanzu gemun ya fito har ya yi fari. Ya yi dariya ya ce ai shi ne gwanin ci, bari ya tuna. Sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Ke, tun ranar dokar baƙo ba wanda ya sake ci. Tsohon nan cire ƙarshen ya yi, mu kuma ba mu lura ba." Ina jiyo hayaniyar motocin Duwala ta bayansa.

Na ce wa ɗana ya jefa karan kawai. Ya jefa, na gyara murya na ce bana kogi ya cika ya ci gonakin yamma, sarki me ka ce? Ya zauna muna yi har aka kira magariba, sannan ya ɗauki wayarsa ya miƙe. Na bi bayansa da ido har ya shige ɗaki. Ko gobe zai dawo ban sani ba, kuma sai yanzu na san abin da tsohon yake ji kowace yamma idan muka tashi.